Yadda Mariri Ya Koma Dajin Cadi

Da wuya a samu wani a Katsina yau wanda ya taɓa ganin mariri a daji, alhali wannan farar dabba mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu ta taɓa yin kiwo garke-garke a gefen hamada, tun daga Senegal har Sudan. Farauta da bindiga a kan mota, da fari, da yaƙe-yaƙen Cadi suka taru suka ƙarar da shi, har hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanar a shekarar 2000 cewa babu sauransa a daji. Waɗanda suka rage suna tsare ne a gidajen namun daji na Turai da Amurka da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma da yawansu jikokin 'yan ƙalilan ne da aka kamo a Cadi a shekarun 1960.

Gidan zu guda ɗaya, komai kuɗinsa, ba zai iya riƙe irin dabba shi kaɗai ba. Kowane makiyayi ya san cewa garken da ba a sauya masa bijimi, jininsa mutuwa yake yi, maruƙa su riƙa zuwa da rauni. Wannan ne ya sa gidajen suka haɗa kai, suka buɗe wa kowane irin dabba da ke cikin haɗari littafin asali, inda ake rubuta uwar kowace dabba da ubanta da ranar haihuwarta da duk gidan da ta zauna. Ƙungiyar gidajen Amurka, AZA, ta fara shirinta na tsirar da iri a 1981, Turawan Turai suka bi sahu da nasu a 1985, ita kuwa uwar ƙungiya ta duniya, WAZA, mai ofis a Barcelona, ita ke sa ido kan littattafan da suka haɗa duniya baki ɗaya. Na mariri yana hannun gidan namun daji na Marwell a Ingila. Da wannan littafi ake dubawa a ce a ɗauke wannan namiji daga wannan ƙasa a kai wa waccan tamata a wata, ko a ce wa wani gida ya dakatar da barbara bana. Abin da ya fi burge ni shi ne gidan da ya ciyar da dabba tun tana ƙarama yakan yarda ya rabu da ita saboda amfanin irin gaba ɗaya.

Sakamakon ya bayyana a 2016, lokacin da hukumar muhalli ta Abu Dhabi, tare da gwamnatin Cadi da ƙungiyar Sahara Conservation Fund, suka sauke mariri 25 ta jirgin sama, aka ajiye su a killace har suka saba da ciyawar wurin da zafinsa, sannan aka sake su da damina a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim. An ɗaura wa manyan na'ura a wuya domin a riƙa bin sawunsu ta tauraron ɗan'adam. Suka hayayyafa a daji, kuma a watan Disamba na 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.



Mu a nan galibi gidan zu wurin yawon sallah ne, a kai yara su ga zaki da kura da jimina. Ba na raina wannan, domin yaron da bai taɓa ganin dabba ba da wuya ya damu da ƙarewarta. Amma ina ganin lokaci ya yi da gidajenmu za su shiga wannan aiki gadan-gadan, tunda Afirka na da tata ƙungiyar, PAAZA, tun 1989, kuma matakin farko rubutu ne, wato a san asalin kowace barewa da kowace jimina da ke cikin keji. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi suna da gandun Gadabeji, tsohon mazaunin mariri, wanda a 2018 aka kai masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure da ke kusa da Yamai.