Sanusi biyu, inuwa ɗaya

Asabar. Sha ɗaya ta gota, na kwanta na kasa barci, maganar Baba ce ke ta yi mini yawo a kai. Gara in tashi in rubuta.

Waɗanda suka leƙa WhatsApp ɗina da yamma sun ga bidiyon da na haɗa: Sanusi zaune bisa tabarma yana zuba shayi, ga wani Sanusin a gabansa yana jiran kofi. Daƙiƙa tara ne duka duka. Kwana huɗu na yi ina bin darasin a YouTube. Da forfen dare nake sauke shi, kuma Bafaranshen nan magana yake kamar ana korarsa, sai na rage gudun zuwa 0.75 nake tsintar abin da yake faɗi.

Dabarar ba ta da wani sirri. Ka kafa salula bisa ƙafarta, ka kulle haske, kada ta motsa ko kaɗan. Ka ɗauki mutum a hagu, ka sake ɗaukarsa a dama, ka ɗora wannan bisa wancan, ka ja layi a tsakiya ka tausasa bakinsa. Inda na sha wuya wurin kofi ne, don hannun ya ƙetare layin. Salula hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa guda, miƙa kofin daƙiƙa biyu ne, hoto 60 ke nan, kuma kowanne sai da na bi gefen hannun ina gyarawa a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve. Kwamfutar Habu tana ta huci kamar injin niƙa. Daga azahar har rana ta yi ja ina duƙe.

Na gama ina jin kaina wani. A fada mutum tara suka kalla, salula na yawo hannu zuwa hannu. Habu ya rantse ko a Kano sai haka.

Bayan magariba Baba ya dawo daga shago, zare maƙale a hannun rigarsa kamar kullum. Na durƙusa na ce, “Baba, ku duba aikin yau.” Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa don bai ɗauko tabarau ba. Sau ɗaya ya kalla.

“Madalla. Amma na hagun nan da hantsi yake zaune. Na dama kuwa an kusa kiran azahar.”

Na ce, “Baba, ta yaya kuka gane?”

Ya sa farce bisa gilashin. Sanusin hagu inuwarsa ta miƙe har ta sauka daga tabarma. Na dama ba shi da komai, tasa ta shige ƙarƙashinsa. Ya miƙo mini salula ya ce da inuwa su suka koyi lokacin salla tun ba su mallaki agogo ba, sannan ya tambayi Inna ko akwai sauran fura. Shi a wurinsa magana ta ƙare.

Kuma gaskiyarsa. Na ɗauki na hagu tara da rabi, sai Inna ta aiki Sanusi niƙa, ya je ya tarar da layi, ya tsaya ƙwallo a hanya, bai dawo ba sai wajen ɗaya saura. Ni ina tsaye ina gadin salula, na kife mata faifai don zafi. Rana kuwa ba ta jiran kowa, digiri 15 take ci kowace awa, kuma a ƙarshen Afrilu a Maradi ta tsakiyar ka take bi. Abin da ya fi ci mini rai, na lura ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske, na zauna na daidaita launin har layin ya ɓace. Na ƙura wa wurin ido awa huɗu. Gefen yatsa nake gani, ban ga mutum zaune ba inuwa ba.

Ɗazu na koma darasin. Ashe ya faɗa. Ya ce a ɗauki biyun a jere ba jinkiri, ko a bari sai ranar da hadari ya rufe rana. Daidai wurin na tsallake, ina gaggawar isa inda ake yankan. Hadari kuma, mu nan sai Yuni in Allah ya kai mu.

Sai Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa, tun 2015 ya rasu. Kafin ya riƙe kamara, kafin fim ɗin nan nasa na kwaɗin da ya zana da hannu, da fitila da inuwa yake nuna wa mutane wasa. Ni wata bakwai ke nan ina ƙona mega.

Wuta sau biyu aka ɗauke yau. Da rana kopto, ya yi yaji.

Ban goge bidiyon ba tukuna. Mutum 63 sun gani, babu wanda ya ce uffan kan inuwa, ni kuma yanzu ita kaɗai nake gani.

Sanusi ya ce gobe sai na ba shi dala ashirin zai zauna. Inna kuma tana ta neman faifanta, ban ce komai ba, yana bayan randa.