Inda na kai da babban yatsa, da faifan dattawan Nashville

Salam 'yan uwa masu koyon jita, ga inda aka kwana. Kamun C da G da F yanzu suna fita ba tare da tsirkiya ta yi zzz ba, kanta ma ta fito a yatsun hagu har na daina jin zafi. Hannun dama ne dai har yanzu muke dambe da shi, shi ya sa na ajiye darussan YouTube na koma sauraron faifai ɗaya tak, Will the Circle Be Unbroken.

Ga wanda bai sani ba, wasu samari ne 'yan Kalifoniya masu dogon gashi, Nitty Gritty Dirt Band, suka tafi Nashville a watan Agustan 1971 suka tara dattawan kiɗan karkarar Amurka a sitidiyo ɗaya, Maybelle Carter da Earl Scruggs da Doc Watson da Merle Travis da Roy Acuff da Jimmy Martin. Bill Monroe, wanda ake kira uban bulugiras (wani salo ne na kiɗan karkarar), ƙin zuwa ya yi. A 1972 abun ya fito, faifai uku a kwali ɗaya. Kai tsaye aka naɗa, kowa na kaɗawa lokaci guda, ba wai wannan ya zo yau wancan gobe a haɗa daga baya ba, kuma sun bar hirar da ake yi tsakanin waƙoƙi, har za ka ji Doc da Travis suna gaisawa karon farko a rayuwarsu, alhali Doc tun tuni ya sa wa ɗansa suna Merle.

Salon Maybelle na fara bi. Ita da babban yatsa take fidda amon waƙar a tsirkiyoyi masu kauri, manuni kuma yana share sirara ƙasa da sama yana riƙe kiɗan, mutum ɗaya amma ka rantse su biyu ne. Matar nan tun 1927 take wannan, lokacin da iyalan Carter suka fara naɗi a Bristol, to a faifan nan ta haura sittin kuma ba ta gaggawar komai. Keep on the Sunny Side nake bi, na rage gudun zuwa 0.75 a waya, yanzu baitin farko yana tafiya lafiya, amshin ne in na zo canza kamu sai babban yatsan ya tsaya jiran hagu, to da ya tsaya shi kenan kiɗa ya zube. Dabarar da ta ɗan taimaka min, na daina kama komai da hagu, na danne tsirkiyoyin kawai ina buga na dama shi kaɗai ina ƙirga ɗaya biyu da ƙafa har sai ya daina neman izini.

Na Travis kam sai a hankali. Babban yatsa na tsalle tsakanin tsirkiyoyi biyu ba tsayawa, gefen tafin hannu ya ɗan danne su dan sautin ya fito bum bum a toshe, manuni kuma na can yana tasa waƙar daban. In na danne da yawa sauti ya mutu, in na sassauta ya cika ƙara. Gudun Doc Watson a Black Mountain Rag kuwa ban ma taɓa ba, saurare kawai nake ina girgiza kai, makaho ne fa tun yana jariri.

Wani abu da na lura, kuma a ganina ya fi gudun muhimmanci, in ɗaya yana nasa sauran sai su ja baya su riƙe masa kiɗa a hankali, har Scruggs da ya girgiza duniya da banjo. Banjon nan ma asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, bayi suka kai shi, ƙwarya ce da fata da sanda kamar gurminmu.

Dan haka satin nan ba zan koyi sabuwar waƙa ba, rakiya zan yi, in kunna faifan in bi su a baya da kamu uku. Mai tsirkiyar roba kar ya ce sai ya sayi ta ƙarfe tukuna, salon Maybelle yana fita a kanta, sautin ne dai ba zai yi kaifi ba.