Talata: ranar da muka kai Ummi wurin likitan haƙori

Jiya ban runtsa ba. Tun ƙarfe ɗaya na dare Ummi ke juyi a kan katifa, hannunta dafe da kuncin dama, ga sanyin hunturun nan da ke ƙara mata zugi duk sanda ta buɗe baki. Hajiya ta taso daga ɗakinta ta daka kanumfari, ta sa mata a wurin. Ya ɗan lafa kamar awa guda, sannan ya dawo sabo. Da asuba babansu ya ce, “Yau kam sai asibiti.”

Daga Tudun Wadan Zariya muka hau keke zuwa PZ, muka shiga mota ta bi da mu Kwangila, ta ratsa Samaru har asibitin koyarwa na Shika. Duk hanyar Ummi na maƙale a jikina. Tambaya ɗaya take ta yi min: “Umma, cirewa za su yi?”

Kogon nan na san da shi. Tun kafin babbar sallah na gan shi, ɗan baƙin ɗigo a turminta na ƙasa, can ciki. Na ce a raina ai shekararta bakwai, tana cikin famfara, na gaba ma biyu sun zube, wannan ma hanyarsa ke nan. Ashe ba haka ba ne.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ba ta fara da bakin yarinyar ba, sai da ta miƙa mata ɗan madubin nan mai dogon hannu ta riƙe, ta ɗaga kujerar sama ta sauke har Ummi ta yi murmushi da giɓinta. Bayan ta duba, ta kira ni na leƙa. Ta ce, “Maman Ummi, wannan ba na famfara ba ne. Na dindindin ne.” Ta bayyana min cewa haƙoran farko ashirin ne, kuma turmin farko na manya yana fitowa wajen shekara shida, a bayansu, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa gane shi. Idan ya tafi, babu wani da zai tsiro a gurbinsa.

Jikina ya yi sanyi. Wata nawa ina kallon abin yana cin haƙorin ɗiyata ina jiran ya faɗi.

Na tambaye ta batun tsutsa, don tun muna yara abin da muke ji ke nan. Ta ce babu wata tsutsa, ƙwayoyin cuta ne da ke cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Kuma yawan maimaita cin zaƙin shi ya fi ɓarna, wato alawa da safe, biskit a tara, tuwon madara bayan Islamiyya. Nan na tuna canjin da nake ba ta kullum don kada ta yi kuka a ƙofar makaranta.

Allah ya taimaka ba a kai ga cirewa ba. An yi mata allurar kashe zafi, aka wanke kogon aka yi ciko. Ta matse yatsuna da ƙarfi da injin ya fara ƙara, hawaye na gangarowa ta gefen kunne, amma ba ta ture hannun likita ba. Za mu koma a sake dubawa, kuma an ce in zo da ƙaninta.

Da daddare na tara su a tsakar gida da burushinsu. Makilin mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, kamar ƙwayar wake ga Ummi, kamar ƙwayar shinkafa ga Auta tun da bai kai uku ba. A tofar, kada a kuskure baki da ruwa. Hajiya na daga tabarma da aswakinta, ta ce, “To ni da nawa fa?” Na ce, “Hajiya, naki na nan daram, likita ma ba ta kushe shi ba.”

Ummi ta yi barci tun tara. Na leƙa ta sau biyu, hannunta ba ya kan kunci.