Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mai Gadi Ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini makullin ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Amma maganar maigidana, Allah Ya jiƙansa, ta hana ni sakat: "Yaro, gidan da ke da mai gadi ɗaya, ranar da ya yi zazzaɓi kowa a waje zai kwana." Da sabar da ke tantance masu shiga yake, wadda muke kira DC. Guda ɗaya tal gare mu, Windows Server 2003, ita ke riƙe da Active Directory, wato rajistar masu shiga da kwamfutocinsu, ita ce kuma DNS, mai nuna wa kwamfuta adireshin 'yar'uwarta.

Na rubuta takardar neman ta biyu har hannuna ya gaji. Shugaban sashenmu, ba zan kama suna ba, yana nan da ransa, ya ce wai kayan wasa nake nema.

Ranar da faifan sabar ya mutu, abin da ya ruɗi mutane shi ne da safe kusan kowa ya shiga kwamfutarsa lafiya lau. Windows kan adana shaidar shiga 10 na baya-bayan nan a cikin kwamfutar kanta, don haka duk wanda ya zauna a teburinsa na kullum ya wuce. Wanda ya canza tebur kuwa ko ƙofa bai gani ba. Can sai fayilolin da ake rabawa suka ƙi buɗuwa, firinta ta yi shiru, masu tikitin Kerberos (izinin shiga da DC ke bayarwa) a hannu ma nasu ya ƙare, don awa 10 yake yi. Shugaban nan ya tsaya a kaina yana huci, wai me ake biyana in yi. A gaban kowa fa. Kwafin ajiyar da maigidana ya koya mini ɗauka duk mako, shi ya fid da mu.

Bayan shekaru, a wani wurin aikin, na tarar da DC biyu ana ta alfahari. Na leƙa DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ashe adireshin ta farko kaɗai ake raba wa kwamfutoci a matsayin DNS. To ta DNS kwamfuta ke gano inda DC take. In ta farkon ta faɗi, wa zai nuna mata ta biyun? Mai gadi ɗaya ke nan, in ji maigidana, sai dai an saya masa riga biyu. Na ƙara adireshin ta biyun, na mai da ita Global Catalog, wato mai riƙe da jerin duk abin da ke cikin Active Directory. Da ta farkon ta mutu daga baya, da manhajar ntdsutil na ƙwato wa ta biyun ayyukan FSMO biyar, wato ayyuka na musamman da DC ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu, na kuma hana a sake kunna tsohuwar. Agogo na fara dubawa, don in bambancin agogon kwamfuta da na DC ya wuce minti 5 Kerberos ba ya sauraron kowa.

Shi wancan shugaban, ko sannu bai ce mini ba. Sabar ta biyu kuwa ya saya a makon da faifan ya mutu, ya shiga taro ya ce shawararsa ce. Yadda muka rabu da shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.