Gudun kiɗa: yadda nake tafiyar da dare a gidajen rawa na Legas

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, a wani gidan rawa da ke Lekki, ɗaya daga cikin yarana ya leƙo allon na'ura ya ga lamba 116. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Oga, dare ya yi nisa fa, ba za mu ƙara wuta ba?" Na nuna masa filin rawa da haɓa. Mata uku ne a gaba, sun cire takalma sun riƙe a hannu. Ga wani dattijo mai furfura a gemu yana ta kaɗa kafaɗa, kofi a hannunsa ko ɗigo bai zubar ba, bayansu kuma wuri ya cika maƙil. Na ce masa, "Wa ka gani a cikinsu yana neman ƙari?" Sai da muka ƙara minti arba'in a haka kafin na taka 120.

Lambar nan ita ce yawan bugun ganga a cikin minti ɗaya, abin da ake rubutawa BPM a jikin na'ura. A sana'armu ta DJ babu abin da ake musu a kansa kamarta. Kowa da inda ransa ya kwanta, kuma idan ka faɗa mini lambar da mutum ya fi zama a kai, zan iya faɗa maka wanda ya koya masa aiki da irin gidajen da yake kiɗa.

Ni haifaffen Agege ne. Mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi Ikko, a nan ya yi aure, a nan aka haife mu. Yanzu ina da ɗan kamfanina, mu biyar ne, da mota ɗaya, da saitin lasifika biyu, da janaretanmu na kanmu. Juma'a da Asabar muna tsallake gada mu yi kiɗa a Victoria Island ko Lekki, sauran ranaku kuma bukukuwan mutanenmu ne a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijon Bayarabe ne a Ikeja, Allah ya saka masa da alheri. Tun bayan bikin FESTAC na 1977 yake kiɗa a otal-otal, lokacin da disko ke tashe a Legas. Na fara da ɗaukar masa akwatunan faifai, kuma na yi wata shida bai bar ni na taɓa allura ba. Abin da ya ba ni kawai shi ne tsohon agogon hannu da biro da ƙullin salatef na takarda. Zai ɗora faifai ya ce in ƙirga bugun babbar ganga na daƙiƙa 15, in ninka sau huɗu, in rubuta in manna a jikin kwalin. Idan na ce 116 alhali 120 ne, ba ya faɗa, sai dai ya mayar da allura farko ya ce, "Aboki, sake." Na yi wa faifai fiye da yadda zan iya tunawa wannan aikin. Har yau idan danfo, motar hayar nan ta Legas, ta wuce da kiɗa, kafin ta sha kwana ƙafata ta riga ta ba ni lambar.

Na'urar da yake alfahari da ita Technics SL-1200 ce, ƙirar Japan. Ta fara fitowa a 1972, amma wadda ta zama ta 'yan sana'a ita ce MK2 ta 1979, saboda wani ɗan maɓalli mai zamewa a gefen dama da ke ƙara gudun faifai ko ya rage shi da kashi 8 cikin ɗari. Wannan kashi takwas ɗin shi ne duk gonar da DJ ke nomawa a da. Waƙa mai bugu 120 za ta iya kaiwa kusan 130, ba za ta wuce ba. Amma maigidana bai taɓa yarda a kai ta ƙarshe ba. Idan ka ƙara wa faifai gudu da kusan kashi 6, murya tana hawa da rabin mataki, namiji mai kaurin murya ya fara komawa yaro. Dokarsa ita ce duk waƙar da ke da murya kada a wuce kashi uku. Na'urorin yanzu suna da maɓallin da ke riƙe murya a wurinta ko an ƙara gudu, ina amfani da shi, amma idan aka ja shi da nisa ganga sai ta yi laɓo-laɓo kamar fatar da ta sha raɓa. Don haka har gobe a kan dokar dattijon nake.

Haɗa waƙa biyu lugude ne. Duk wanda ya tashi a gidan da mata ke daka ya san idan hannu ya zo ɗaya, taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta, sauti ɗaya ake ji mai daɗi. Idan ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, ko kana bayan katanga za ka sani. Haka bugun waƙar da ke fita da na wadda ke shigowa: dole su faɗi wuri ɗaya, har mai rawa ya tsinci kansa a sabuwar waƙa bai san lokacin da aka sauya ba. A birnin New York aka fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1960, kuma Francis Grasso ne ake yawan ambata a kanta.

Abin da ya sa tsohon disko ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne mutum ne ya buga gangar da hannunsa da ƙafarsa. Wannan bugu huɗu-huɗu da babbar ganga ke yi ba fashi, wanda ake jingina wa makaɗin Filadelfiya Earl Young, daga jikin ɗan Adam yake fitowa, kuma jiki yana numfashi. Waƙa za ta fara a 117, idan aka zo amshi makaɗi ya ji daɗi ta hau 119, ta sake sauka. Kai kuma hannunka na kan maɓalli, ɗan yatsanka na gefen faranti, kana turawa kaɗan, kana riƙewa kaɗan, kunne ɗaya a hedifon ɗaya a fili. Daƙiƙa 16 ne kawai bugu 32 a gudun 120, amma a cikin wannan ɗan lokacin za ka iya yin gyara sau biyar. Daga baya ne injinan ganga suka shigo, irin su Roland TR-909 na 1983, kiɗan rawa na inji da ake kira hawus (house) ya taso a Shikago inda Frankie Knuckles ya riƙa kiɗa a gidan Warehouse tun 1977, bugu ya tsaya cak kamar agogon bango. Wanda ya koyi aiki a kan kiɗan inji kaɗai, ranar da ka miƙa masa faifan 1978 za ka ga gumi.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye ba. Garin nan ya cika da 'yan laftof. Yaro zai sauke waƙoƙi dubu daga intanet, rabinsu an matse su har sautin ya mutu, ya ari lasifika biyu, ya buga kati ya ce shi DJ ne. Akwai maɓallin da ke daidaita waƙoƙi biyu da kansa, shi ne jarinsu. A kan kiɗan inji yana aiki. Amma ka ba shi disko mai makaɗi na gaske, kafin bugu goma sha shida taɓare sun fara karo, kowa a fili ya tsaya yana waige. Maganin da suka sani ɗaya ne, su ƙara gudu. Tun ƙarfe goma sha ɗaya sun kai 130, mutane su yi tsalle na minti ashirin su jiƙe sharkaf su koma kujera, shi ke nan dare ya mutu tun bai fara ba. Su ne kuma ke karya mana farashi. Kwanan baya wani uban biki ya ce mini, "Malam, akwai yaron da zai yi mini a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, akwai. Amma ka tambaye shi janareta nawa zai zo da su, kuma idan Hajiya ta fito liƙi wane gudu zai sa mata." Ya yi shiru, ya ce zai neme ni. Bayan kwana biyu ya kira.

A cikin 'yan sana'a na gaske ma ra'ayi ya rabu. Abokaina da ke kiɗa wa matasan tsibiri da waɗanda suka dawo hutu daga Ingila a watan Disamba sun fi son 124 zuwa 128, gudun hawus, kuma a ɗakin da sanyin na'ura ya ratsa yana tafiya daidai. Masu afrobit zalla suna ƙasa, yawanci tsakanin 95 da 110. Da amapiyano ta zo daga Afirka ta Kudu sai ta zauna wajen 112, ta ja kusan duk gidajen Legas zuwa can. Wasu tsofaffin hannu sun yi ta ƙunƙuni cewa an kashe gudu. Ni kuwa murna na yi. Akwai tarin faifan disko da na kiɗan bugi (boogie) da aka yi a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, waɗanda kamfanoni irin su EMI da Afrodisia da Tabansi suka fitar, da yawansu ba su da nisa da wannan gudun. Shekara da shekaru suna kwance a akwatin maigidana, Turawa na zuwa suna neman saye. Yanzu sai in ɗora ɗaya a kan amapiyano su zauna daram, 'yar shekara ashirin da uku ta zo tana tambayata sabuwar waƙar wane ne wannan.

Inda raina ya kwanta dai shi ne 118 zuwa 122. A 120 bugu biyu ne a kowace daƙiƙa, tafiyar mutumin da ke sauri ya kama mota amma bai kai ga gudu ba. Jiki yana iya ɗaukar wannan na awa biyu ko a zafin Legas, ana rawa ana hira ana dariya. Ba na fara dare a can. Ina buɗewa wajen 100, mutane na shigowa suna gaisawa, in riƙa hawa da bugu biyu ko uku duk bayan 'yan waƙoƙi yadda ba wanda zai lura. Sau ɗaya ko sau biyu a dare nake leƙa 126, shi ma na ɗan lokaci, sai in sauko. Mai gidan rawa ma ya fi son haka, don mutumin da bai galabaita ba shi ne ke zama har asuba.

Bikin Hausawa kuwa karatunsa daban. Mace ta sha leshi mai nauyi da gwaggwaro da takalmi mai tsini, ko ta naɗe cikin laffaya, ba za ka sa mata gudun kulob ba. Amarya taku take yi ƙanana, ƙawaye na biye, kuma idan liƙi ya kankama ba na taɓa maɓallin gudu ko kaɗan, in bar hannu ya shiga jaka ya fito a natse. Wasu kiɗe-kiɗenmu ma tafiyar uku-uku suke yi, lambar da na'ura za ta nuna maka ba ita ce abin da ƙugu ke bi ba. Idan masu kalangu suka zo, nakan sauke nawa gaba ɗaya in tsaya ina kallo. Makaɗin kalangu idonsa na kan ƙafar mai rawa, idan ta ƙara ya ƙara, idan ta lafa ya lafa, kuma ban ga abin da muke yi da na'urar miliyoyi da ya wuce wannan ba. Mahaifina bai so sana'ar nan ba da farko, yana ganin dare ba wurin ɗan mutunci ba ne. Ranar bikin ƙanwata da ya ga yadda na riƙe taro tun la'asar ba hayaniya ba ashar, sai ya kira ni gefe ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka dai riƙe sallarka." Na riƙe.

Kaya kuwa ba na wasa da su, don na sha wuya a kansu. Farkon fitata na sayi wata arhar na'urar faifai mai bel, irin wadda gudun injinta ke bin wutar da aka ba ta. A wani biki a Mile 12 janaretan haya ya riƙa hawa yana sauka, waƙa ta riƙa jan jiki kamar kaset ɗin da ya sha rana. Ban yi barci ba daren nan. Daga ranar na yi alkawarin sai na'ura mai riƙe gudunta da kanta, da janareta nawa da nake yi wa sabis da hannuna. Wani ɗan kasuwa kuma ya taɓa sayar mini da allurai na jabu a kwali mai kyau, suka cinye mini faifai biyu da ba a samun irinsu. Yanzu akasarin aiki da CDJ na Pioneer muke yi, na'urar kiɗa ta zamani da ba ta buƙatar faifan allura, wadda ta canza sana'ar tun fitowar CDJ-1000 a 2001, amma Technics biyu na nan a shago, kuma duk wanda ya nemi daren faifai zalla muna kai masa.

Idan ka kira mu, kafin maganar kuɗi zan tambaye ka shekarun mutanen da za su zo, a ɗaki ne ko a rumfa, da ƙarfe nawa ake son tashi. Da amsar nan nake zama in tsara daren tun daga waƙar farko.

Yaron nan da ya ce a ƙara wuta, ranar Litinin na zaunar da shi a shago. Na manna salatef a kan allon na rufe lambar, na cire agogona na ba shi, na ɗora wani faifan Afrodisia da kwalinsa ya yi ja don tsufa. Ya ƙirga ya ce 112. Na ɗaga allura na mayar farko.