Liƙin naira 3,000 da ya ƙone mini injin Yaris

Motata Toyota Yaris ce ƙirar 2002, mai ƙaramin inji na lita 1.0, irin wadda agogonta ke tsakiyar dashbod maimakon bayan sitiyari. 'Yar Kwatano ce, ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa a Sakkwato suka koma neman irin waɗannan ƙananan, kuma gaskiya ne ba ta shan mai. Sai dai duk abin da na rage a gidan mai cikin watanni, rana ɗaya ta kwashe shi a gareji, kuma har yanzu raina na ɓaci idan na tuna yadda abin ya faro.

Ƙananan gyare-gyaren ba su dame ni ba, duk mai tsohuwar mota ya san su. Shokozoba da bushin ba sa daɗewa a lungunan Mabera da damina. Shaf ya taɓa fara ƙas-ƙas idan na karya kwana, saboda robarsa ta yage ƙura ta shiga, na canza na gwanjo a kan naira 25,000. Kwayil ɗaya, mai ba fulogi wuta, ya mutu mota ta riƙa rawa, shi ma aka sauya. Batir kuwa zafin garin nan ba ya barin sa ya tsufa. Waɗannan duk suna yi maka sallama kafin su shigo, kana jin ƙara ko girgiza, ka shirya aljihu.

Lagireto ne bai yi sallama ba. Na irin waɗannan motoci samansa roba ce da aka danne a kan alminiyam, kuma robar da ta shekara fiye da 20 tana shan zafi sai ta bushe ta fara tsagewa. Nawa ya tsage kusa da wuyan murfi, ɗan siririn layi da sai ka sunkuya za ka ga farin busasshen ruwa a gefensa. Na je gareji da niyyar sayen wani, na ma riga na ji kuɗin na gwanjo, naira 40,000. Makanikin da na daɗe ina hulɗa da shi ya ce, "Haba Malam, mi za ka yi da wani? Wanga gam da nika sa mashi ya fi robar ƙarfi. Aje kuɗinka." Ya kankare wurin, ya kwaɓa gam, ya shafe, ya karɓi naira 3,000. Mutumin da sana'arsa ke nan ya faɗa maka haka da bakinsa, me za ka ce?

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na kama hanyar Illela zan je ta'aziyya Gwadabawa. Bayan na wuce Kware sai na ji mota ta yi nauyi, ina taka totur ba ta amsawa, wani wari mai kama da ƙonanniyar roba ya cika ciki. A nan ne na gane wani abu game da wannan Yaris ɗin da ya kamata duk mai ita ya sani: ba ta da allurar nuna zafin inji. Fitila ce kawai, shuɗiya idan injin na da sanyi, ja idan ya yi zafi. Ba ka ganin zafi na hawa a hankali kamar a sauran motoci. Kuma idan ruwa ya zube gaba ɗaya, na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma, don haka jar fitilar na iya makara. Tawa ta kama ne bayan aikin gama ya gama.

Da na buɗe bonet, gam ɗin ya ɓalle ɗungurungum, yana reto a gefe da siffar wuyan lagireton a jikinsa, tsagar kuma ta ninka tsawonta. Dalilin a fili yake. Ruwan cikin lagireto a matse yake, murfin ne ke riƙe matsin don kada ruwan ya tafasa a digiri 100. Robar na buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, gam kuwa ba ya bin ta. Makaniki ya san wannan sarai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Aka jawo ta gari a kan naira 30,000. Na kai ta wurin wani dattijon makaniki da wani abokin aikina ya nuna mini. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna mini, man ya koma kalar shayi mai madara. Ya ce, "Ɗana, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Sai mu roƙi Allah top silinda bai tsage ba." Gaskit shi ne 'yar shimfiɗar da ke tsakanin top silinda, wato kan injin, da gangar jikinsa, mai hana ruwa haɗuwa da mai. Top ɗin bai tsage ba, alhamdu lillahi, amma ya lanƙwashe, don na alminiyam ne, sai da aka kai shi wurin masu injin gogewa suka daidaita fuskarsa. Gaskit, gogewa, baƙin mai da filta har sau biyu don a wanke ciki, tiyo biyu da suka kumbura, kuɗin aiki, da lagireton nan dai na naira 40,000 da tun farko na tafi saye. Da na haɗa lissafi har da kuɗin jawowa, ya haura naira 200,000. Kuɗin makarantar yara na zangon ne ya tafi.

Dattijon ya kuma gano cewa babu tamostat a injin, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zagawa cikin lagireto sai injin ya ɗauki zafi, an cire shi tun kafin motar ta zo hannuna, an haɗa fanka kai-tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. Al'ada ce a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi. Shi bai yarda da ita ba, kuma na bi ra'ayinsa: injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, fankar da ba ta hutawa kuma ita ce ke mutuwa ba zato. Ya mayar da komai yadda kamfani ya yi. Ya hana ni zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, ya nuna mini jar tsatsar da ta fito daga cikin injin, ya ce in riƙa sayen ruwan lagireto na galan.

Wanda duk zai sayi tsohuwar ƙaramar mota a garin nan, kafin ya duba fenti ko ya kunna esi, ya duba saman lagireto da sassafe injin na da sanyi. In ya ga robar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ko ya ga alamar liƙi, ya cire kuɗin lagireto da sabon murfi daga cinikin, ya canza su a makon, ko wane ne ya ce masa gam zai riƙe. Ya zaro sandar mai ya ga kalarsa, ya leƙa ƙarƙashin murfin zuba mai ko akwai farin kumfa. In kuma yana tafe ya ji mota ta yi nauyi da wari, ya kashe ta nan take a gefen hanya, kada ya ce bari in ƙarasa gari, kuma kada ya taɓa murfin lagireto sai injin ya huce.