Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gidauniyar wasanmu

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Alhamdulillahi, gidauniyar da muka buɗe domin ƙarasa wasan waya da muke haɗawa a nan Birnin Kebbi ta rufe, kuma abin da muka roƙa ya cika har da ɗan ƙari a kai. A bainar jama'a muka yi roƙon, don haka a bainar jama'a ya kamata mu yi godiyar. Ina rubuta wannan a madadina da abokan aikina: mai zane, mai tsara labari, da mai kula da sauti. Sunayen masu taimako ba za su fito a nan ba, domin da yawa sun nemi a sakaya su, wasu kuma alat kawai muka gani, babu ko kira.

Godiya ta farko ta waɗanda suka ba da kuɗinsu ce alhali har yau ba su gane abin da muke yi ba. Goggona tana cikinsu. Ta aiko da nata a ƙulle a leda, ta ce a ba yaran nan masu aikin talabijin. Saboda irinsu bari in yi bayani a taƙaice. Wasan irin wanda mai bugawa ke shiga rigar jarumi ne, ya yi ta tafiya daga gari zuwa gari, yana magana da mutane, yana karɓar aike, yana faɗa da dodanni, ƙarfinsa da kayansa suna ƙaruwa da kaɗan-kaɗan. Abin da ya zaɓa ya faɗa ko ya aikata shi ke juya labarin. A namu, gulbin wani gari ne ya ƙafe dare ɗaya, masunta suka wayi gari jiragensu na zaune a kan yashi. Mutum uku suka fita neman inda ruwan ya tafi: ɗan masunci, 'yar maƙeri, da wani tsohon maharbi mai yawan mita. Garin ƙirƙirarre ne, mutanen ma haka. Amma duk wanda ya san Argungu da bakin Matan Fada zai gane inda muka ɗebo ƙasar da muka yi ginin.

Da yawa sun tambaye mu dalilin da ya sa ba mu bi ta dandalin intanet na Kickstarter ba, tunda can ne masu irin wannan aiki ke tara kuɗi. Gaskiya ne. A 2012 kamfanin Obsidian na Amurka ya tara kusan dala miliyan 4 a can daga mutum sama da 73,000 domin wani wasa nasu, wasan ya fito a 2015. Kusa da mu ma, Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru sun haɗa da taimakon jama'a kafin su fitar da nasu wasan na almara a 2016, kuma su ne suka sa muka yarda cewa abin ba na Turawa da Japanawa kaɗai ba ne. Sai dai Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe gidauniya daga cikinsu a dandalin. Ko da an samu ɗan'uwa a waje ya tsaya mana, dandalin na cire kashi 5 cikin 100, ban da ladan masu sarrafa kati, sannan mutanen da muke yi wa wasan ba da katin dala suke yawo ba. Tiransifa suka sani, da mai POS na bakin layi. Abu ɗaya muka aro daga can, wato ƙa'idar ko duka ko babu: muka yi alkawarin idan ranar rufewa ta zo kuɗin bai kai ba, kowa za a mayar masa da nasa cif. Sauran tsarin kuwa na gayya ne da muka gada, kowa ya zo da fartanyarsa.

Wannan alkawarin ya taimaka, domin mutanenmu sun sha ƙuna. Tun da MMM ta daskare da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, duk wanda ya ce a turo kuɗi ta intanet sai an yi masa kallo biyu, kuma ban ga laifin kowa ba. Shi ya sa muke godiya ta musamman ga dattijon unguwarmu da malamin makarantar da suka yarda asusun ya zama ba a taɓa shi sai da sa hannunsu. Ba su karɓi ko sisi ba. Malam ya riƙa zama da mu duk ƙarshen mako yana bin alat ɗaya bayan ɗaya da jan biro, kamar mai duba jarrabawa, ranar da lissafi ya bambanta da naira 500 bai bar mu mun tashi ba sai da muka gano cajin banki ne. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara lafiya.

Manyan gudummawa sun shigo, daga 'yan kasuwar shinkafa, daga 'yan'uwa mazauna Abuja da Kano da Yamai, da wasu daga ƙasashen waje. Mun gode ƙwarai. Amma in an duba littafin, ƙananan ne suka ɗauki nauyin. Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na jami'o'in Aliero da Kalgo, masu gyaran waya, 'yan kabu-kabu, teloli, wata ƙungiyar mata masu adashi da suka ware mana kwasa guda. Akwai yaron da ya turo naira 200 daga Gusau, ya biyo da saƙo cewa kuɗin datarsa ne na ranar, a yi haƙuri da shi. Mun amsa masa, amma ina so ya sake ji a nan: naka ya shiga, kuma sunanka na cikin jerin.

Yanzu ga waɗanda ba kuɗi suka bayar ba, amma da babu su da wasan ya fito wani iri.

Baban abokinmu tsohon masunci ne a Argungu. Mun kai masa zanen farko na jarumin, yana tsaye a cikin jirgi riƙe da fatsa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Wanga yaron ba Bakabe ba ne." Ya tashi ya ɗauko homa biyu da ƙaton gora, ya nuna mana a tsakar gida yadda ake kwanciya a kan goran a yi iyo, yadda ake buɗe homar da hannu biyu a rufe kifi a tsakiya, da yadda ake jefa abin da aka kama ta bakin goran. Mai zanenmu ya ɗauki bidiyo, ya koma ya rushe aikinsa ya sake. Daga nan tsarin faɗan jarumin ya samo asali: ba ya sara, ba ya suka, kamawa yake yi. Yana jefa homa ya ɗaure abokin gaba na ɗan lokaci, 'yar maƙerin ta zo da masaba, maharbin yana harbi daga baya yana mita. Goran kuma ya zama ma'ajin kayansa, kuma shi ne ke ba shi damar ƙetare inda sauran ba sa iya bi. Mun yi ta ƙoƙarin ƙirƙiro abin da zai bambanta wasanmu da na waje, ashe yana rataye a ɗakin Baba. Baba, mun gode, Allah ya ja da rai.

Ma'aikatan gidan tarihi na Kanta da ke Argungu sun yi haƙuri da tambayoyinmu game da sulke, masu, kwari da baka da tambura. Ganuwar babban birnin wasan kuwa daga kufan Surame muka kwaikwayo ta, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, wanda yanzu ya faɗa cikin jihar Sakkwato. Ganuwar dutse ce, ba ta jar ƙasa zalla irin wadda aka saba zanawa in an ce birnin Hausa ba, kuma mun so yaro ya ga bambancin. Nan ne aka yi muhawara mai zafi. Wasu masu taimako sun so a sa Kanta kansa a wasan, har wani ya ce zai ninka nasa in an yi haka. Mun ƙi, kuma ina ganin mun yi daidai. Kanta mutum ne na tarihi, zuriyarsa na nan a kan gadon sarauta. Bai dace a ɗauke shi a sa yana faɗa da dodo mai kai bakwai, yaro ya danna ya faɗi ya sake tashi ba. Wanda ya yi tayin bai ji haushi ba, bai kuma janye kuɗinsa ba. Shi ma mun gode.

Haka batun siddabaru. Wasan almara ba ya tafiya sai da abin al'ajabi, amma mun san inda muke. Mun zauna da malamai biyu, muka nuna musu komai. Shawararsu ita ce mu tsaya a duniyar tatsuniya da kowa ya san ƙanzon kurege ce, inda Gizo ke yaudarar kura, dodo ke tare rijiya, dabbobi ke magana, mu nisanci duk abin da ya yi kama da koyar da tsafi ko wasa da abin da ake girmamawa. Hakan muka yi, kuma labarin bai rasa komai ba. Gizo ma shi ne mai shagon da ke bin jarumai gari-gari yana tsuga musu farashi, kuma masu gwaji sun fi ƙinsa a kan babban bos, wato babban abokin gaba na wasan.

Masu gwajin nan sun cancanci nasu sakin layin. Google na neman sabon mai asusu ya biya dala 25, sannan aƙalla mutum 12 su gwada manhajarsa na kwana 14 a jere kafin a ba shi izinin sakinta ga kowa a Play Store, inda ake sauke manhajojin waya. Mun nemi 12, waɗanda suka zo sun ninka haka, daga Jega, Yauri, Zuru, Kamba da Talatar Mafara. Yawancinsu ƙananan wayoyi gare su, masu ƙaramin ma'aji da fasasshen gilashi, kuma su suka tsara mana wasan fiye da yadda suka sani. Saboda wayoyinsu na hukin in abubuwa sun yi yawa a fuska, muka mayar da faɗan bi da bi: ka zaɓi abin da za ka yi, abokin gaba ya yi nasa, babu gaggawar yatsa. Saboda tsadar data, wasan ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi. Saboda caji na iya ƙarewa a kowane lokaci, yana ajiye inda ka tsaya da kansa duk ƙofar da ka shiga. Wata yarinya ce ta gano cewa in ka yi wa mai ƙosai magana sau biyu a kasuwar farko, jinin jarumi na cika ba tare da an cire kuɗi ba. Ta yi mako tana cin ƙosan banza kafin ta faɗa mana.

Wata ƙaramar wahala da ba kowa zai lura da ita ba: yawancin haruffan da ake yi wa irin waɗannan wasanni ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Duk inda suka zo sai ɗan akwati ya fito. Mai zanenmu ya zauna ya zana su ɗigo-ɗigo, manya da ƙanana, domin ba mu yarda ƙofa ta koma kofa a wasan Hausa ba. Da Godot muke aiki, manhajar haɗa wasa ce ta kyauta wadda ba ta karɓar kaso daga ciniki, kuma tun fitowar ta 4 a 2023 tana iya rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ƙarin da aka samu a kan abin da muka roƙa can zai tafi: za a sa zaɓin ajami, kamar yadda almajirai da iyaye da dama suka nema. Wani alaramma ya riga ya ɗauki nauyin duba rubutun.

Godiya ga mai gurmi da mai kalangu da suka yarda aka naɗi kiɗansu a ɗakin da muka jingina katifu a bango, suna gumi, ana tsayar da su duk lokacin da babur ya wuce. Godiya ga mai shagon cajin da ya bar mana soket biyu a kan solarsa lokacin da unguwarmu ta daɗe babu wuta, fetur kuma ya fi ƙarfin janaretanmu. Godiya ga mai gyaran da ya ceto kwamfutar da rabin zanen ke ciki bayan ta mutu ana tsakiyar gidauniya, ya ce a biya shi in wasan ya fito. Ga Yayana da ya biya mana dala 25 ɗin da katinsa. Ga iyayenmu da matanmu, da suka jure ganin manyan mutane sun raba dare suna gardama a kan ko kura za ta iya hawa jirgi.

Har waɗanda suka yi mana dariya a ƙarƙashin sanarwar farko, suka ce a jihar da ake fama da abinci wa zai ba da kuɗin gem, ba mu riƙe su ba. Tambayar tana da nauyi. Wasu daga cikinsu sun dawo sun gwada, biyu ma sun taimaka.

Kuɗin nan amana ne a wuyanmu, kuma wasan bai ƙare ba tukuna. Babi na farko ya kammala, na biyu ana kan zanensa, na ukun yana takarda. Ba zan sa ranar fitowa a nan ba sai mun tabbatar za mu cika ta. Abin da muka ɗauka shi ne duk ƙarshen wata za mu wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita, da hoton rasit, da sa hannun dattawan biyu. Kason mafi girma na mai zane ne da masu sauti, sai batir da faifan sola, sai kuɗin rajista da data. Duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya tambaya a fili, za a amsa masa a fili.

Waɗanda aka yi wa alkawarin sa sunansu a bangon kasuwar cikin wasan, jerin na nan a wurin Malam, mun kuma tura shi a zauren WhatsApp na masu taimako. Don Allah kowa ya duba yadda aka rubuta nasa kafin Juma'a mai zuwa. Wanda ya fi son a sa sunan mahaifi ko mahaifiyarsa a madadin nasa, kamar yadda wasu suka nema, ya sanar da mu a can.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar, ya ba jihohinmu zaman lafiya. Amin.